Boris ɗin ƙafar baya: Aikinsa, alamomin lalacewarsa da yadda ake sauya shi

Boris ɗin ƙafar baya na daga cikin ƙananan kayan mota waɗanda ba a ganinsu sai an kwance taya, amma a kansa ne nauyin bayan mota yake zaune. Shi ne ke tsakanin ɓangaren da ke tsaye da ɓangaren da ke juyawa, yana bai wa ƙafa damar gudu ba tare da ƙarfe ya ci ƙarfe ba. Tayar bas ƙirar Toyota Hiace kan juya kusan sau 460 a kowace kilomita, wanda ke nufin a tafiya ɗaya daga Legas zuwa Kano, mai nisan kimanin kilomita 1,000, boris zai juya kusan sau rabin miliyan ɗauke da fasinja da kayansu.

A Legas, inda ɗimbin 'yan Arewa mazauna Sabo da ke Yaba, da Agege, da Idi-Araba, da Obalende ke cin abinci ta hanyar tuƙi da jigilar kaya, sanin halin wannan ƙarfe ya shafi rai da dukiya. Motocin da ke sauke tumatir da albasa a kasuwar Mile 12, da waɗanda ke kai shanu mayankar Oko-Oba a Agege, da ƙananan bas-bas da ke kai-komo a titin Herbert Macaulay, duk a kan boris suke tafiya. Idan ya mutu a gareji, asarar kuɗi ce ta yini ɗaya. Idan kuwa ya mutu ana cikin gudu, ƙafa na iya cijewa ko ta fice gaba ɗaya.

Mene ne boris?

Boris ya ƙunshi abubuwa huɗu: zoben ciki, da zoben waje, da 'ya'yan da ke gangarawa a tsakaninsu, da kuma ragar da ke raba 'ya'yan domin kada su gogi juna. 'Ya'yan kan zo a siffar ƙwallo, ko a siffar gajerun sanduna, ko kuma sanduna masu tsukakken kai waɗanda ke jure nauyin sama da turin gefe a lokaci guda. Ana ƙera su da ƙarfe mai tauri ƙwarai, a goge fuskarsu ta yi sumul kamar madubi. Abin da ke hana su ɗaukar zafi shi ne siririn giris ko man giya da ke shiga tsakaninsu, sai kuma robar da kanikawa ke kira oyil-sil, wadda ke tsare man a ciki, ta hana ruwa da ƙura shiga.

Tarihin boris ya girmi na mota. A 1794 wani maƙerin ƙarfe a yankin Wales na Birtaniya, Philip Vaughan, ya yi rajistar fasahar sanya ƙwallayen ƙarfe a aksul ɗin keken doki. A 1883 Friedrich Fischer na garin Schweinfurt a Jamus ya ƙera injin da ke goge ƙwallayen su fito daidai da juna, kuma daga aikinsa ne kamfanin FAG ya samo asali. Henry Timken na Amurka ya yi rajistar boris mai tsukakkun sanduna a 1898, yayin da aka kafa kamfanin SKF a birnin Gothenburg na Suwidin a 1907. Daga baya Japan ta shigo da NSK a 1916, da NTN a 1918, da Koyo a 1921. Waɗannan sunaye ne har yau ake gani a kan kwalaye a kasuwannin kayan gyara na Najeriya.

Kowane boris yana da lamba a jikin zobensa. A mafi yawan lambobin, idan aka ninka alƙaluma biyu na ƙarshe sau biyar, za a sami faɗin ramin ciki: mai lamba 6205 raminsa milimita 25 ne, mai lamba 6207 kuma milimita 35. Harufan 2RS na nufin an rufe shi da roba ta fuska biyu, ZZ kuma murfin ƙarfe ne.

Ire-iren ƙafar baya

Yadda ake sauya boris ya danganta da ƙirar motar, kuma ana iya kasa motocin da ke kan titunan Najeriya gida huɗu.

Kashi na farko su ne motocin da ke ja da baya, masu dogon aksul guda, irin su Toyota Hiace da Hilux, da ƙananan bas-bas na Suzuki da Daihatsu da ake kira korope a Legas, da tsohuwar a-kori-kura ta Peugeot 504 wadda kamfanin PAN, da ya fara aiki a Kaduna a 1975, ya daɗe yana haɗawa. A irin waɗannan, sandar ƙarfen da ke juya ƙafa, wato shaf, ita ce kuma ke ɗauke da nauyi, kuma boris ɗaya ne a matse a jikinta kusa da taya. Idan ya wargaje, shaf na iya zarewa tare da tayar.

Kashi na biyu manyan motoci ne, kamar Mitsubishi Canter, da Mercedes 911, da tireloli ƙirar DAF da MAN da Howo. A nan ƙafar na zaune a kan boris biyu masu tsukakkun sanduna a bayan bututun aksul, aikin shaf kuwa juyawa kaɗai ne. Shi ya sa ake iya zare shaf ɗin babbar mota alhali tayarta na ƙasa.

Kashi na uku ƙananan motoci ne masu ja da gaba. A Toyota Camry da Corolla na shekarun baya-bayan nan, boris ɗin baya a rufe yake cikin hob, kuma tare ake sauya su ta hanyar kwance kusoshi huɗu. A tsofaffi irin su Volkswagen Golf 3, boris biyu ne a cikin gangar birki, waɗanda ake daidaita ɗaurinsu da noti.

Kashi na huɗu shi ne na danfo ƙirar Volkswagen T3, wadda aka fara ƙerawa a 1979. Injinta a baya yake, kowace ƙafa ta baya tana da gidan boris nata mai ɗauke da boris biyu, sannan babban noti mai faɗin milimita 46 ne ke riƙe da su.

Abin da ke kashe boris

Babban makashin boris shi ne lodi fiye da ƙima. Lissafin da injiniyoyi ke amfani da shi a duniya ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan boris mai ƙwallo sau biyu, rayuwarsa kan koma kashi ɗaya cikin takwas. Mai sanduna kuma kusan kashi ɗaya cikin goma. Ke nan buhunan da direba ya ƙara domin cike gurbin kuɗin mai, a gareji zai biya su.

Na biyu shi ne ruwa. Daminar Legas kan yi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ta sake dawowa a Satumba da Oktoba, kuma tituna da dama kan cika da ruwa. Idan ƙafa mai zafi ta shiga ruwa mai sanyi, iskar da ke cikinta kan tsuke, ta zuƙo ruwa ta bakin oyil-sil. Ruwan kan ɓata giris, tsatsa ta kama 'ya'yan boris. Haka ma wankin mota da ruwa mai ƙarfi idan aka saita shi a tsakiyar ƙafa. A Arewa kuwa ƙurar hunturu da yashi ne ke yin wannan ɓarna.

Na uku ramukan hanya. Faɗawa rami da gudu kan sa 'ya'yan boris su buga zobe su bar ƙananan lotsawa, kuma daga nan ƙara ke farawa. Na huɗu ƙarancin man giya a aksul, ko toshewar ɗan bututun numfashi da ke samansa, wanda idan ya toshe, iska mai zafi kan turo mai ta fasa oyil-sil. Na biyar, wanda ya fi kowanne ban takaici, shi ne mugun ɗauri: boris sabo da aka buga da guduma ya riga ya ji rauni tun bai yi tafiyar kilomita ɗaya ba.

Alamomin lalacewa

Alamar farko gurnani ne daga baya, wanda ke ƙaruwa yayin da gudu ya ƙaru. Ana bambanta shi da sauran ƙararraki ta hanyoyi uku. Ƙarar taya kan sauya idan an tashi daga kwalta mai santsi zuwa mai kaushi, ta boris kuwa ba ta sauyawa. Kukan haƙoran tsakiyar aksul kan sauya idan an taka totur ko an ɗaga ƙafa, na boris kuwa gudun mota yake bi ko da an saka giya a firi. Haka kuma idan aka karkata sitiyari a hankali a fili marar cunkoso, ƙarar kan ƙaru idan nauyi ya koma ɓangaren da ya lalace: lanƙwasa zuwa hagu kan ɗora nauyi a ƙafar dama.

A gareji, ana ɗaga motar, a kama taya ta sama da ƙasa a girgiza. Idan ta yi wasa, akwai matsala. Sai a juya ta da hannu ana saurare, domin boris mai lafiya ba ya ƙara kuma ba ya cijewa. Sauran alamomin sun haɗa da ƙafa ɗaya ta fi 'yar'uwarta zafi bayan tafiya, da warin ƙonannen giris, da man giya a bayan gangar birki ko a cikin taya, da cin taya ba daidai ba, da kuma kunnuwar fitilar ABS a dashbod. Man da ya zubo a kan takalman birki kan rage kamunsu, don haka yoyon oyil-sil matsalar birki ce tun kafin ta zama ta boris.

Sayen sabo

A Legas, manyan wuraren sayen kayan gyara su ne kasuwar Ladipo da ke Mushin, da kasuwar ASPAMDA da ke harabar baje koli a hanyar Badagry, da Owode Onirin kusa da Mile 12. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan Yunin shekarar, farashin kayan da ake shigowa da su ya tashi, lamarin da ya sa masu motoci da dama ke neman mai sauƙi. Sai dai a wannan fanni araha ba ta ado. Ana iya sayen ƙofa ko fitila ta hannu, amma boris da aka ɓamɓaro daga wata mota babu mai sanin tafiyar da ya yi, kuma ciro shi kansa kan raunata shi.

Jabu ma matsala ce da ta addabi duniya, har ta sa Ƙungiyar Masu Ƙera Boris ta Duniya, wadda aka kafa a 2006, ta fito da gangamin yaƙi da jabu da kuma manhajar waya mai suna WBA Check domin tantance lambar da ke jikin kwali. A Najeriya, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ita ce ke da alhakin hana shigo da kaya marasa inganci, yayin da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye, FCCPC, ke karɓar ƙorafi. Abin da ya kamata mai saye ya yi shi ne ya tafi da lambar tsohon boris ko lambar jikin motar, ya duba tsabtar rubutun kwali da na zobe, ya guji farashin da ya yi ƙasa da na kowa ƙwarai, sannan ya karɓi rasit. Tare da boris ake sayen sabon oyil-sil, da sabon zoben kulle, da sabon fil ɗin noti, domin ba a mayar da tsofaffinsu.

Shiri kafin aiki

Ana ajiye mota a wuri mai tauri da ya daidaita, a saka waigi a tayoyin gaba, a sassauta notunan taya tun tana ƙasa, sannan a ɗaga. Ba a barin mota a kan jak kaɗai, kuma ba a dogara da bulo ko tarin duwatsu. Madogaran ƙarfe ake sakawa. Bayan haka a sauke birkin hannu domin gangar birki ta fita. Tsabta wajibi ce: ƙwayar yashi ɗaya a cikin giris ta isa ta fara cin zobe, don haka a shimfiɗa kwali ko ƙyalle mai tsabta, kuma kada a buɗe ledar sabon boris sai lokacin saka shi.

Sauyawa a motoci masu dogon aksul

Bayan cire taya da gangar birki, ana kwance wayar birkin hannu da wayar ABS idan akwai. A motoci irin su Hilux da Hiace, sai an kwance bututun man birki an toshe bakinsa, domin farantin birki tare da shaf yake fitowa. Daga nan a kwance notuna huɗu da ke bayan farantin, a zaro shaf a miƙe ba tare da an ja shi a kan bakin bututu ba.

Abin da ke riƙe boris a jikin shaf shi ne zoben kulle. Ana rage kaurinsa da injin gurza, a tsaga shi da kurfi, tare da kiyaye kada a taɓa shaf. Ba a yanka shi da wutar walda, domin zafin kan kashe taurin ƙarfen shaf, ya karye daga baya a kan hanya. Sai a kai shaf ɗin wurin injin matsa a fitar da tsohon boris. A nan ne ake duba mazaunin boris da inda oyil-sil ke gogawa: idan ya cinye, ko ya yi shuɗi saboda zafi, ko shaf ya lanƙwashe, sabon shaf ake bukata. Ɗiga walda ko sassara mazaunin da kurfi domin boris ya kama dabara ce da ke jinkirta hatsari kawai.

Wajen saka sabo, ƙa'ida ɗaya ce: ƙarfin matsa ya bi ta zoben da ake sakawa. Idan a kan shaf ne, zoben ciki ake turawa. Idan a cikin gida ne, zoben waje. Turawa ta ɗaya zoben kan sa ƙarfin ya ratsa ta cikin 'ya'yan ya lotsa su. Bayan boris sai sabon zoben kulle, sannan a sauya oyil-sil da ke bakin bututun aksul, a shafa wa leɓensa mai kaɗan. Ana mayar da shaf a hankali, ana juya shi har haƙoransa su shiga mazauninsu, a ɗaure notuna, a mayar da birki, a fitar da iskar da ta shiga bututunsa. A ƙarshe a duba man giya, wanda ya kamata ya kai bakin ramin zubawa, a cika da irin wanda littafin motar ya ambata. A yawancin irin waɗannan motoci GL-5 ne mai lamba 80W-90 ko makamancinsa.

Sauyawa a sauran motoci

A motoci masu hob rufaffe aikin ya fi sauƙi: a cire birki, a zare wayar ABS, a kwance kusoshi huɗu, a kankare tsatsar mazaunin, a ɗaura sabo. Inda boris ɗin na matsawa ne kuma yana da fuska mai maganaɗisu, dole wannan fuskar ta kalli na'urar ABS, in ba haka ba fitilar ba za ta mutu ba.

A masu tsukakkun sanduna, ana sauya boris tare da zobensa na waje, domin ba a haɗa sabon boris da tsohon zobe. Ana cusa giris mai jure zafi da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen, ba tare da an cika ramin hob maƙil ba, kuma ba a gauraya giris iri biyu. Sai a ɗaure noti ana juya ƙafa domin boris ya zauna, a sassauta, a sake ɗaurewa kaɗan, a saka sabon fil. A manyan motoci, wasan da ake bari bai wuce tsakanin milimita 0.025 da 0.127 ba, wato kwatankwacin kaurin gashi, kuma da agogon awo ake tabbatar da shi. Ɗauri ya yi yawa, boris ya ƙone. Ya yi kaɗan, ƙafa ta yi rawa.

A danfo T3 kuwa, babban notin yana bukatar ɗauri mai ƙarfi da ya kai Nm 500, wanda ke nufin sai da sifana mai awo. Tsalle a kan dogon bututu ba ya nuna ko an kai adadin ko an zarce.

Bayan kammalawa

Ana gwada birki tun mota na tsaye, sannan a yi tafiyar gwaji ta 'yan kilomitoci a hankali, a tsaya a kusanto da hannu kusa da tsakiyar ƙafafun biyu a kwatanta zafinsu, a duba yoyo. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake duba notunan taya. Ba tilas ba ne a sauya ɓangare biyu lokaci guda, amma wajibi ne a duba ɗayan, tunda hanya ɗaya suka bi, kaya ɗaya suka ɗauka. Yana da kyau mai mota ya nemi a nuna masa tsohon boris da kwalin sabon, ya kuma rubuta ranar aikin da adadin kilomita. Kai mota wurin bakaniken da ke da rajista da ƙungiya irin su NATA ko MOMTAN na ba da damar kai ƙara idan an sami saɓani.

Idan ya lalace a kan hanya

Direban da ya ji ƙara ta rikiɗe zuwa gurzar ƙarfe, ko ya ga hayaƙi daga ƙafa, ko ya ji bayan mota na lilo, ya ɗaga ƙafa daga totur, ya kunna fitilun gargaɗi, ya gangara gefe ba tare da taka birki da ƙarfi ba. A sauke fasinja su yi nisa da titi, a kafa alamar gargaɗi, a ajiye abin kashe gobara a kusa, musamman idan tankar mai ce. Ba a watsa ruwa a kan ƙafa mai zafi domin a ci gaba da tafiya. A wurare irin su gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, inda tsayawa kanta hatsari ce, a gaggauta kiran agaji: lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ita ce 122, ta gaggawa ta Jihar Legas kuma 767 ko 112.

A Legas cibiyoyin LACVIS ne ke gwada motoci da na'ura kafin a bayar da takardar shaidar lafiyar mota. Sai dai gwajin na lokaci-lokaci ne, boris kuwa kullum yake aiki. Direban da ya saba sauraron motarsa, yana duba bayan tayoyinsa da safe, yana kuma taɓa gefen ƙafafun a duk inda ya yada zango, shi ne zai gane matsalar tun tana gurnani, lokacin da gyaranta bai wuce aikin 'yan sa'o'i ba.